Likitan Zuciya: Doguwar Hanyar Karatunsa, da Abin da Farfesa Ƙaraye Ya Gano Kan Ciwon Zuciyar Masu Jego

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin nan mun ɗora saboda waɗanda datarsu ba za ta isa su saurari murya ba, da waɗanda sabis ɗin garinsu sai an hau tudu ake samu. Wanda ya karanta, don Allah ya karanta wa na kusa da shi, musamman iyayenmu mata da magidanta, don maganar yau tasu ce fiye da kowa.

Yau a kan likitan zuciya za mu tattauna. Wane karatu yake yi, shekara nawa yake ɗauka kafin a kira shi ƙwararre, kuma mene ne amfanin binciken da muke jin ana cewa farfesoshi suna yi? Don kada maganar ta tsaya a sama, zan ɗauki mutum ɗaya a nan Kano, Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, mu ga abin da ya yi shekaru yana bi.

Dalilin da ya sa na zaɓo shi shi ne, ciwon da ya fi mayar da hankali a kai ciwon gidajenmu ne. A ƙauyukanmu na arewacin Kano, daga Ɗambatta zuwa Makoɗa, Kunchi, Tsanyawa, Bichi har Minjibir, gona na jikin gona, gida na jikin gida. Ba a haihuwa maƙwabta ba su ji guɗa ba, haka kuma mai jego ba ta rasuwa ba a sani ba. Kusan kowa a cikinmu ya taɓa jin labarin wadda ta haihu lafiya, aka yi suna aka watse, kafin arba'in ƙafa ta kumbura, numfashi ya fara gagara, ta koma kwana a zaune. Wani ya ce sanyi ne ya shige ta, wata ta ce ai ba ta yi wanka da kyau ba, wani kuma ya ce hannu aka sa mata. Da yawa daga cikin irin waɗannan mata zuciyarsu ce ta gaza, kuma likitan zuciya ne yake iya tabbatar da hakan.

To bari mu fara da hanyar karatun, saboda ƙannenmu da ke sakandare suna yawan tambaya.

Matakin farko ajin kimiyya ne. Mu a wannan yanki muna da gata a nan, don Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Tofa a gefenmu take. Tun 1977 aka kafa ta tare da ta Dawakin Kudu, kuma likitocin Kano da dama ta nan suka bi. Ɗalibi yana buƙatar sakamako mai kyau a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, sannan ya ci JAMB da maki mai yawa, don gurbin karatun likita kaɗan ne, masu nema kuma ba su ƙirguwa.

In Allah ya sa ya samu, shekara 6 ce a jami'a, in ba a yi yajin aiki ba. Shekarun farko na aji ne da ɗakin gwaje-gwaje: sassan jikin ɗan Adam ɗaya bayan ɗaya, yadda kowane sashe yake aiki, da sinadaran da ke tafiyar da jiki. Daga nan sai asibiti. Ɗaliban Bayero a Asibitin Malam suke wannan zango, asibitin da aka kafa a 1988. A nan ne ɗalibi yake koyon tambayar maras lafiya, da duba shi, da sauraron ƙirjinsa, yana bin manyan likitoci gado-gado. Ya gama, ya yi rantsuwa, hukumar kula da likitoci ta ƙasa ta ba shi lasisin wucin gadi. Sai shekara ɗaya ta koyon aiki, wata uku-uku a sashe huɗu: cututtukan manya, tiyata, yara, da mata da haihuwa. Bayan nan sai shekarar bautar ƙasa. Kun ga an ci shekara 8 kenan, kuma har yanzu likita ne na gama-gari.

Wanda yake son ƙwarewa sai ya sake ɗaura ɗamara. Kwaleji biyu ce take ba da shaidar ƙwarewa a ƙasar nan: Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma, da Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas. Sai ya ci jarrabawar share fage, sannan ya nemi gurbin horo a asibitin koyarwa. Zai yi shekara biyu zuwa uku yana zagaya sassan cututtukan manya, ƙoda, huhu, hanta, ƙwaƙwalwa, ciwon suga da sauransu, yana kwana a asibiti ranar da aikin dare ya faɗo kansa. Ya ci jarrabawar kashi na ɗaya, sannan ne zai zaɓi zuciya, ya ƙara kamar shekara uku a kanta kaɗai. Kafin ya zauna jarrabawar ƙarshe dole ya yi bincike nasa na kansa, ya rubuta kundi, ya kare shi a gaban manyan malamai. In kun haɗa lissafi, daga gama sakandare zuwa ranar da za a ce wannan babban likitan zuciya ne, shekara 13 zuwa 15 ce ga wanda bai faɗi jarrabawa ko sau ɗaya ba. Yaron da aka haifa ranar da ya shiga jami'a ya kusa fara azumi cikakke kafin ya gama.

A lura kuma, likitan zuciya daban, likitan tiyatar zuciya daban. Na farko da magani da na'urorin bincike yake aiki, na biyu shi ne mai buɗe ƙirji, kuma hanyar horonsu ta rabu tun bayan bautar ƙasa.

Me yake gani wanda sauran ba sa gani? Ku ɗauki zuciya kamar injin ban ruwa irin wanda 'yan uwanmu suke amfani da shi a noman rani a Watari ko Tomas. Yana zuƙo ruwa, yana turawa. Zuciya tana bugawa wajen sau 100,000 a rana, tana tura kusan lita 5 na jini a kowane minti ɗaya in mutum yana hutawa. Likitan zuciya yana da gwajin ECG, wanda ake manna wayoyi a ƙirji a ga yadda wutar da ke kunna bugun take tafiya. Yana kuma da hoton zuciya da ake kira eko, irin sikanin da ake yi wa masu ciki ne, sai dai zuciya ake haskawa. Da eko ake auna kashi nawa na jinin da ya shiga babban ɗakin zuciya na hagu take iya turawa a bugu ɗaya. Mai lafiya yana tura kashi 55 cikin 100 ko sama da haka. In aka ga mace a ƙarshen ciki ko a watannin bayan haihuwa tana da alamun gazawar zuciya, awon nan ya sauka ƙasa da kashi 45, kuma ba a sami wani dalili daban ba, shi ne ciwon da likitoci suke taƙaita sunansa da PPCM. Mu dai mu kira shi ciwon zuciyar masu jego.

Yadda yake aiki ba wuya a gane. Lokacin ciki jinin mace yana ƙaruwa da kusan rabi, zuciya tana aikin mutum biyu. In naman zuciyar ya yi rauni, sai ta saki ta yi faɗi, ta kasa tura abin da ya shigo mata. Ruwa sai ya taru a baya. Wanda ya taru a huhu shi ne yake hana numfashi da kwanciya, yake kawo tarin dare. Wanda ya taru a jiki shi ne kumburin ƙafa da ciki.

Wannan ciwo shi Farfesa Ƙaraye ya bi. Bayan ya riga ya zama babban likita a Asibitin Malam, sai ya ƙara da digirin digirgir a Jami'ar Umea ta ƙasar Suwidin, ya kammala a 2016, kuma kundinsa gaba ɗaya a kan wannan ciwo yake. Abin da ya burge ni shi ne, jami'ar tana can kusa da ƙarshen arewacin Turai, amma matan da ya yi nazari a kansu matan Kano ne, waɗanda suka zo manyan asibitocin cikin birni. Ilimin auna abu ya je ya ƙaro, tambayar kuma daga gida ya tafi da ita.

Tambayar tana da tarihi. Tun shekarun 1970 wasu likitoci a Asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Farfesa Eldryd Parry ɗan Birtaniya da abokin aikinsa Neil Davidson, suka lura matan Hausawa suna cika gadajen asibiti da gazawar zuciya bayan haihuwa, yawan da ba a taɓa gani ba a wani wuri. A 1978 suka fitar da nazari a kan mata 224. An ƙiyasta a lokacin cewa a Zariya kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa 100 tana kamuwa. Da suka duba me ya bambanta matan nan da na sauran wurare, sai idonsu ya faɗa kan al'adun jego: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta ƙarƙashinsa, da kunun kanwa. Hujjarsu tana da ma'ana. Kanwa cike take da sinadarin da ke cikin gishiri, wanda yake riƙe ruwa a jiki, zafi kuma yana buɗe hanyoyin jini ya ƙara wa zuciya aiki. Wannan bayani ya shiga littattafan likitanci na duniya, har ya zama in an ambaci ciwon nan sai an ambaci Hausawa da kanwa.

Shekara kusan arba'in ana kan haka. Gadon wuta ya ragu sosai a garuruwa da yawa, amma ciwon bai tafi ba. A Sakkwato, wani nazari da Farfesa Simeon Isezuo da abokin aikinsa suka fitar a 2007 ya sami mace ɗaya cikin haihuwa 102. To a nan ne amfanin horon bincike yake fitowa. Mai bincike ba ya tsayawa kan an ce. Yana tambaya, in wanka da kanwa ne, ai kusan kowace mai jego a ƙasar Hausa tana yi, me ya sa ɗaya take kamuwa casa'in da tara su tsira?

Don amsa wannan, Farfesa Ƙaraye ya jagoranci wani babban aiki da aka sa wa suna PEACE, wanda ya haɗa asibitoci 22 a faɗin Najeriya. Tsakanin 2017 da 2018 suka tattara mata 406 masu ciwon, kowacce an tabbatar da eko, suka kwatanta su da masu jego masu lafiya. Sakamakon ya fito a 2020. Mafi yawan matan daga arewa maso yamma suke, kuma a Kano an sami mace ɗaya cikin haihuwa 96, adadin da yake cikin mafiya yawa da aka taɓa rubutawa a duniya. Don ku gane girman abin, a Amurka ana maganar mace ɗaya ne cikin haihuwa dubu ɗaya zuwa dubu huɗu.

Ga inda nake so kowa ya buɗe kunne. Da aka yi lissafi, ba a sami alaƙa tsakanin wankan jego ko kunun kanwa da kamuwa da ciwon ba. Abubuwan da suka fito fili guda huɗu ne: rama, wato mace ta kasance nauyinta bai kai yadda ya kamata ba, hawan jinin masu ciki, wanda in ya yi tsanani yake kai wa ga jijjiga, rashin karatun boko, da rashin sana'a ko aikin yi. A cikin huɗun, rama ce ta fi nauyi.

Kada wani ya ɗauki wannan ya ce ai likitoci sun wanke kanwa, a ci gaba da zubawa. A'a. Binciken cewa ya yi ba ita ce tushen ciwon ba. Amma macen da jininta ya hau, ko zuciyarta ta riga ta raunana, in aka ɗura mata kanwa an ƙara mata ruwan da zuciyar ta kasa ɗauka. Abin takaici kuma, a al'adarmu in mai jego ta kumbura cewa ake sanyi ne, sai a ƙara wuta a ƙara kanwa, a daidai lokacin da ya kamata a rage. Ruwan da yake salɓe fata ma ba gata ba ne. A yi wanka da ruwa mai ɗumi, babu wanda ya hana.

Abin da sakamakon nan ya yi shi ne ya ɗauke yatsa daga kan kakanninmu mata da tukunyar wankansu, ya nuna mu duka. Karatun boko ba ya shiga cikin naman zuciya, sana'a ma haka. Abin da suke nunawa shi ne wace mace ce take cin abinci mai gina jiki, wace ce take zuwa awo, wace ce take da kuɗin mota a hannunta ranar da numfashi ya fara yi mata wuya, ba sai ta jira an sayar da akuya ba. Mu da muke noma gero da dawa da wake da gyaɗa, mu ne muke loda buhuna zuwa Dawanau, amma a gidajenmu da yawa mai ciki tuwo da miyar kuka take ci safe da dare, ƙwan kajinta kuma a kasuwa yake ƙarewa.

Wannan ya kawo mu ɓangare na biyu na bincikensa, wato sinadarin seleniyam. Sinadari ne da jiki yake buƙata ɗan kaɗan, amma yana cikin abubuwan da suke kare naman zuciya daga lalacewa. Ana samunsa a kifi, ƙwai, nama da hanta, sannan a hatsi gwargwadon yadda yake a ƙasar da aka shuka hatsin. An san muhimmancinsa tun daga ƙasar Sin, inda a wani yanki mai suna Keshan aka yi fama da ciwon zuciya da yake kama yara da mata masu haihuwa, daga baya aka gano ƙasar nomansu ba ta da wannan sinadari, da aka fara ba su shi ciwon ya ragu ƙwarai. A maƙwabtanmu Nijar ma, wani likita Bafaranshe mai suna Arnaud Cénac ya ruwaito a 1992 cewa masu jegon da suke da wannan ciwo a Yamai seleniyam ɗinsu ya yi ƙasa.

Farfesa Ƙaraye da abokan aikinsa suka auna jinin matan Kano. A sakamakon da suka fitar a 2015, wajen kashi 77 cikin 100 na masu ciwon seleniyam ɗinsu ya yi ƙasa sosai, alhali a cikin masu lafiya kashi 22 ne kawai. Suka kuma lura ƙarancin yana da alaƙa da zama a karkara. Mu kenan. Wanda yake cikin birni yana cin abinci daga ko'ina, mu kuwa abin da gonarmu ta bayar shi muke ci shekara da shekaru.

Ba su tsaya nan ba. Sun ɗauki mata 100 masu ciwon, aka ba wa wasu ƙwayar seleniyam na wata uku a kan maganinsu na zuciya, wasu kuma maganin kaɗai. A rahoton 2020, waɗanda suka sha sun fi samun sauƙin alamun ciwon. Mutuwa ma ta fi ƙaranci a cikinsu, sai dai masu binciken da kansu sun ce adadin matan bai kai a yanke hukunci a kan wannan ba, ana buƙatar gwaji mafi girma. Wannan ma darasi ne, mai ilimin gaske yana faɗar iyakar abin da ya gano. Don haka kada a ji wannan shiri a ruga kemis. Seleniyam in ya yi yawa guba ne, yana zubar da gashi yana lalata farce. Likita ne yake rubuta shi.

Yaya ƙarshen masu ciwon yake kasancewa? A cikin aikin PEACE an bi mata 244 har wajen shekara ɗaya da rabi. Kusan kashi 19 cikin 100 sun rasu, wato kusan mace ɗaya cikin biyar. Waɗanda zuciyarsu ta dawo daidai ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Haɗarin mutuwa ya fi yawa ga 'yan ƙasa da shekara 20, da waɗanda aka kawo zuciyar ta riga ta yi rauni sosai. Waɗanda suka dage da shan maganin da yake rage gudun bugun zuciya kuwa sun fi tsira. Ku tuna waɗannan su ne suka isa babban asibiti. Wadda ta rasu a ɗakin mahaifiyarta a wani ƙauye na Kunchi, inda ta je wankan gida, ba ta cikin lissafin kowa.

Ba shi kaɗai ba ne a fagen. A asibitin dai akwai Farfesa Mahmoud Umar Sani, wanda yana cikin waɗanda suka yi babban nazarin gazawar zuciya a ƙasashen Afirka 9 da ya fito a 2012, inda aka ga hawan jini ne kan gaba wajen kashe zuciyar mutanenmu, kuma yana kama mu da ƙuruciya idan aka kwatanta da Turai. A 2024 kuma an fitar da sakamakon wani gwaji da asibitin Mayo na Amurka ya yi da asibitoci 6 na Najeriya, har da Asibitin Malam da na Rasheed Shekoni da ke Dutse. An yi amfani da abin sauraron ƙirji mai haɗe da manhajar kwamfuta, aka gano masu raunin zuciya cikin masu ciki da masu jego ninki biyu na abin da ake ganowa a duba na yau da kullum. Ranar da irin wannan na'ura za ta iso ƙananan asibitocinmu, ma'aikaciyar awo za ta iya tsamo wadda take buƙatar eko tun kafin ta faɗi.

Kafin wannan rana, ga abin da yake hannunmu. Mace a watan ƙarshe na ciki ko a watannin bayan haihuwa, in tana haki a kan ɗan aikin da ta saba yi kamar shara ko ɗaukar bokiti. In ba ta iya kwanciya sai ta jingina. In tana farkawa cikin dare numfashi ya sarƙe ko tari ya taso. In ƙafa tana kumbura bayan haihuwa maimakon ta saɓe. In ƙirjinta yana dukan uku-uku ba dalili, to a tafi asibiti a ranar. Babban asibitin Ɗambatta ko na Bichi ko wanda ya fi kusa, a faɗa wa likita haihuwa ta yi kwanan nan, a kuma tambaya ko tana buƙatar hoton zuciya. In an tura ku birni ku tafi, kada a ce sai an yi arba'in, kada a ce sai an cire amfanin gona.

In an ɗora ta a kan magani, ba irin na zazzaɓi ba ne da ake bari in an ji sauƙi. Kumburi yana saɓewa cikin kwanaki, amma naman zuciya watanni yake ɗauka, wani lokaci shekaru. Sannan maganar da ta fi wuya, wadda nake so magidanta 'yan uwana su ji daga bakin ɗan uwansu: macen da ta yi wannan ciwo, sabon ciki yana iya dawo da shi, musamman in zuciyar ba ta gama warwarewa ba. Kafin a sake, a koma wurin likitan a yi eko, a ji shawararsa, ku je tare. Surukai ma a yi musu bayani da ladabi, don sau da yawa matsin daga can yake zuwa.

Awo kuma ba na masu matsala ba ne kaɗai. Hawan jinin masu ciki ba ya sallama, a awo ake kama shi, kuma yana cikin abubuwa huɗun nan da bincike ya nuna. Abinci ma haka. Ƙwai ɗaya, ɗan kifi ko da busasshe ne, wake, gyaɗa, zogale, nono, duk muna da su a garuruwanmu. A fara da mai ciki da mai shayarwa kafin a kai kasuwa.

Mu matasa da muke yawan shiga harkar al'umma, ga tambayoyin da ya kamata mu riƙa yi wa masu neman ƙuri'armu, tun daga kansila har ɗan majalisa. Asibitin mazaɓarmu yana da abin awon jini mai aiki? Akwai ungozoma da take kwana? In an tura mace birni cikin dare, wace mota ce za ta kai ta? 'Yan mata nawa ne suka gama sakandare a garin nan bana? Binciken ya riga ya ba mu hujja da alƙaluma, saura mu riƙe ta mu shiga da ita taro.

Ƙannena da kuke ajin kimiyya, maza da mata, shekara 14 tana da yawa, gaskiya ne, amma ko kun yi karatun ko ba ku yi ba za ta wuce. Likitocin zuciya kaɗan ne a ƙasar nan, mafi yawansu a manyan birane, wasu kuma suna ta ficewa waje. Tambayoyin da suka rage a kan ciwon nan suna da yawa: ƙasar nomanmu nawa take da seleniyam, wane abinci ne zai cike giɓin, me ya sa wata take warkewa wata ba ta warkewa. Wanda ya tashi a Makoɗa ko Tsanyawa, ya san yadda ake jego a gidajenmu, ya fi kowa dacewa ya amsa su. Musamman ku mata, don akwai abin da mai jego za ta faɗa wa likita mace wanda ba za ta faɗa wa namiji ba.

A nan za mu dakata a wannan mako. Ku rubuto mana yadda ake jego a garinku yanzu, da abin da ya canja daga zamanin iyayenmu, amma don Allah ban da ambaton sunan kowa. Wanda yake da maras lafiya a gida kuma, shirin nan ba ya maye gurbin ganin likita. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba wa marasa lafiyarmu sauƙi, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ya jiƙansu da rahama. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.